Kujerar bayan gilashi ce babu kowa

Tun da gwamnatin Kano ta sanar a watan Mayun 2025 cewa a daina shirye-shiryen siyasa kai tsaye a gidajen rediyo da talabijin, wata magana ke ta ƙona min rai. Wai "kai tsaye" ɗin ne ciwon, in aka naɗi shiri aka tace shi, sojojin baka za su shiga taitayinsu. Duk mai wannan magana bai taɓa shiga ɗakin na'ura ba, balle ya ga mai riƙe da linzamin shiri.

Na yi shekaru ina furodusa a wani gidan rediyo mai zaman kansa. Shirin ƙarfe tara na dare, tun la'asar nake kansa: in karanta jaridu, in kira baƙo in ji abin da ya zo da shi, in nemi ɓangaren da zai soka, in rubuta wa mai gabatarwa tambayoyi. In an kunna jan fitila, ina bayan gilashi, yatsana a kan maɓallin murya. Wata rana wani baƙo ya saki batun kwangila ya kama hanyar ambaton mahaifiyar abokin hamayyarsa. Kafin ya kai ƙarshen jimlar na dusashe makirufonsa, na ɗaga wa mai gabatarwa hannu, muka jefa talla. Ya fito yana huci, ya ce an ci masa mutunci. Na ba shi ruwa. Masu sauraro ba su san an yi ba.

Rigimar hana shiri kai tsayen nan ce ta tuna min da marigayi Komla Dumor, ɗan jaridar Ghana da ya rasu a Landan ranar 18 ga Janairun 2014 yana da shekara 41. Da yawa ba su san a Kano ya yi sakandare ba, a St. Thomas, ya kuma fara karatun likita a Jami'ar Jos kafin ya koma gida. In ana tuna shi, muryarsa ake yabo, da kwat ɗinsa a talabijin na BBC. Ni abin da nake tunawa daban ne. A gidan rediyon Joy FM na Accra, da rahoton cunkoson motoci ya fara, a kan ɗan ƙaramin babur cikin rana. Daga nan ya hau kujerar shirinsu na safe, inda yake titsiye masu mulki kai tsaye, har ƙungiyar 'yan jaridun Ghana ta ba shi gwarzon shekarar 2003. Kai tsaye fa! Ghana ba ta kama da wuta ba. Shiri irin wannan ba a yin sa da baki kawai: sai da masu tono takardu tun kafin asuba, da mai tace kiran waya, da mai raɗa wa mai gabatarwa a kunne cewa baƙon nan ya kauce, maido shi.

To mu me muka yi? Mun sayar da lokaci. Ɗan siyasa ya biya kuɗin rabin awa, ya zo da mutuminsa, wani lokacin har da tambayoyinsa a aljihu. Furodusa kuwa shi ake fara sallama in kuɗin dizal ya tashi, tunda ba a jin muryarsa, ba mai tambayar ina ya shiga. Sai a bar yaro guda, shi ne mai na'ura, shi ne mai ɗaukar waya, shi ne mai aiken shayi, yana bin albashin wata uku. Wannan yaron ne zai katse wanda ya biya kuɗin da aka kunna janareta? Haba! Kuma ko an naɗi shirin, shi ɗin dai za a miƙa wa ya tace, mai kuɗin na tsaye a kansa. An gudu ba a tsira ba ke nan, illa dai an kashe wa talaka damar buga waya ya tambayi kwamishina.

Masu cewa a bar kowa ya faɗi son ransa da sunan 'yancin faɗar albarkacin baki, su jira ranar da za a ambaci tasu uwar.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Akwai na'urar da ke jinkirta murya na 'yan daƙiƙu kafin ta fita iska, an daɗe ana amfani da ita a duniya. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, da aka kafa tun 1992, ta riƙa tambayar kowane gida wane ne furodusan shirinsa na siyasa, kuma ana biyan sa?

Tun 2015 BBC ke ba 'yan jaridar Afirka lambar yabo da sunan Komla, har Amina Yuguda daga Yola ta ci a 2017, mun kuma yi murna. Shi kuwa wanda ya koya min dusashe makirufo ba tare da an ji ƙara ba, makon jiya na shiga Adaidaita Sahu a Ƙofar Nasarawa na tarar shi ke tuƙi. Rediyonsa a kashe.