Garin da masaƙunsa suka mutu, yaransa kuma ke ƙera mutum-mutumi

Manchester da nake nufi ba ta Ingila ba ce, ba ruwanta da United ko City. Wannan tana jihar New Hampshire a arewa maso gabashin Amurka, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Boston. Ƙidayar 2020 ta ba ta mutum dubu 115 da 'yan kai, wato ƙaramar hukuma ɗaya a cikin birnin Kano ta ninka ta, amma ita ce birni mafi girma a jihar.

Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna, in ya tsaya a bakin kogin Merrimack sai gabansa ya faɗi. Dogayen gine-gine ne na jan bulo a jere, sun fi mil guda suna bin ruwa. Masaƙun kamfanin Amoskeag ne, wanda a lokacin da yake tashe ya ɗauki ma'aikata kusan dubu 17. A jajibirin Kirsimeti na 1935 aka rufe ƙofa, ambaliyar watan Maris na 1936 ta ƙarasa abin da ya rage. Labarin KTL ke nan, masaƙar Kaduna Textiles da ke Kakuri, wadda aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, sauran masaƙun Kaduna suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Bambancin shi ne a yau cikin gine-ginen Amoskeag akwai ofisoshi da gidajen haya da reshen jami'ar jihar. A ɗaya daga cikinsu, lamba 200 a titin Bedford, nan ne hedikwatar FIRST, ƙungiyar da injiniya Dean Kamen ya kafa a 1989 don gasar ƙera mutum-mutumi tsakanin yara. Gasar farko a 1992 a zauren wasanni na wata sakandaren garin aka yi ta, da ƙungiyoyi 28. Yanzu ana yin ta a ƙasashe da dama, har da Najeriya.

Idan aka tura hoton irin wannan gasa gida, amsar da ake samu ɗaya ce: ai su suna da kuɗi da wuta. Gaskiya ne, suna da su. Amma wanda ya kalli abin daga kusa zai ga cewa abin da ke riƙe da shi ya fi haka arha, kuma ya fi haka wuya: ɗaki ɗaya mai makulli, ranakun haɗuwa da ba sa canzawa, da manya biyu da ba sa fashi.

A ɗauki ƙaramar gasar, FIRST LEGO League, ta 'yan shekara 9 zuwa 14 a Amurka, wadda ake yi da LEGO, wato 'yan bulon roba na wasan yara da ake harhaɗawa. Ƙungiya ba ta wuce yara goma, kuma dole a samu manya biyu da aka bincika tarihinsu kafin a bar su da 'ya'yan mutane. Filin wasan tebur ne na falanki mai ƙafa huɗu da ƙafa takwas, an kewaye shi da katako, an shimfiɗa tabarmar roba mai zane. Kafinta zai haɗa shi a yini ɗaya. Kada sunan ya ruɗe ku, mutum-mutumin bai yi kama da mutum ba, 'yar mota ce da za ta zauna a kan tafin hannu biyu. Ana ba ta minti biyu da rabi ta fita ita kaɗai ta tura wannan, ta ɗaga wancan, ta dawo gida, wato gefen teburin da ake tashin ta. In yaro ya sa hannu ya ɗauke ta alhali ba ta cikin gidanta, an rage masa maki. A watan Agusta ake fitar da aikin shekara, daga nan sai haɗuwa sau biyu ko uku a mako har lokacin gasa.

Karatun yana cikin abin da ke lalacewa ne. Tayar da ke zuwa da kayan LEGO masu suna SPIKE Prime faɗin da'irarta santimita 5.6 ne, saboda haka juyi ɗaya na kai ta santimita 17.6. Yaron da ke son ta yi santimita 88 zai rubuta juyi biyar, ga lissafin da'ira ya shiga kansa ba tare da bulala ba. Sai ya gwada ya ga ta tsaya a 85. Me ya faru? Ƙura ta hau taya tana sulɓi, ko an tashe ta da gudu ta yi kartar ƙasa kafin ta kama. Maganin shi ne a goge taya da ɗanyen tsumma kafin kowane zagaye, a kuma rubuta mata ta tashi a hankali. In aka ajiye ta a karkace da digiri biyu kacal, kafin ta yi mita ɗaya ta kauce da santimita uku da rabi, ƙugiyar da za ta kama abu ta kama iska. Don haka ƙungiyoyin da suka san kan abin ke haɗa ɗan ma'auni da suke jinginawa a bangon tebur, a ajiye motar a jikinsa kowane lokaci, ba a dogara da ido. Na'urar auna juyi da ke cikinta tana son a kunna ta tana zaune cak. In an kunna ana riƙe da ita a hannu, sai ta riƙa ganin tana juyawa alhali tana tsaye. Idon da ke gane launi kuwa yana son tazarar kusan milimita 16 daga tabarma, kuma hasken zauren gasa ba irin na ajin da aka yi atisaye ba ne, shi ya sa ake yi masa 'yar rumfa. Sannan wasan teburin kashi ɗaya ne cikin huɗu na makin. Sauran na fitowa ne daga bayanin da yara za su yi wa alƙalai da bakinsu, da yadda suke zama da juna. Uban da ya karɓe aikin ya yi wa ɗansa, a gaban alƙalai asirinsa ke tonuwa.

'Yan sakandare suna da tasu, FIRST Tech Challenge. A nan ƙarfe ne da noti da sarƙa. Dole na'urar ta shiga akwati mai inci 18 ta kowane ɓangare kafin a fara, filin ƙafa 12 ne da 12, daƙiƙa 30 na farko ita ke tuƙa kanta, sai minti biyu yara su tuƙa. Batirinta mai volt 12 ne, in ya cika yakan nuna sama da 13, kuma abin da aka gwada da cikakken batir ba zai yi daidai da wanda ya sha aiki ba. Don haka ake liƙa wa kowane batir lamba, a rubuta lokacin da aka cire shi daga caji. Notin da ke riƙe taya a jikin sanda yakan kwance da girgiza, injin na juyawa taya na tsaye. Ga kuma cutar lokacin sanyi: iska ta bushe, lantarki ya taru a jikin na'urar, irin wanda ke tsikarar mutum in ya taɓa ƙofar mota da hunturu, ta taɓa bangon fili sai kwamfutarta ta ɗauke a tsakiyar wasa. Ana rage shi da wayar da ke haɗa lantarkin da gangar jikin, da ɗaure wayoyi nesa da ƙarfe.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin yaron da ke koyon gyaran waya a Farm Centre a Kano, ko wanda ke bugun ƙarfe a Panteka. Hasali ma ta fuskar hannu yaranmu sun fi. Yaron da ya taɓa yin mota da karan dawa da gwangwani da silifa ya riga ya san abin da ɗan Manchester sai an koya masa. Kuma ba sai da LEGO ba. Allon Arduino Uno ɗaya, wato 'yar kwamfutar da ke ba motar umarni, allon tuƙa inji L298N, ƙananan injina biyu masu ruwan ɗorawa da tayoyinsu, batir 18650 guda biyu, ido biyu masu gane baƙi da fari, da baƙin salatif na masu wayarin a liƙa a kan farin falanki, sun isa a haɗa motar da ke bin layi. Kurakuran ma sanannu ne. Kada a sa batirin nan mai kusurwa huɗu na volt 9, ba ya iya ciyar da inji. Kada a ja wutar injina daga jikin Arduino, zai riƙa mutuwa yana tashi. A haɗa wayar ƙasa, wato wadda aka rubuta wa GND, ta allunan biyu wuri ɗaya, in ba haka ba injin zai riƙa yin abin da ba a sa shi ba. L298N na shanye kusan volt biyu, saboda haka daga 7.4 abin da ke isa inji biyar da ɗoriya ne, kuma ya isa. A yi gwaji a cikin ɗaki, domin hasken rana na makantar da idon. Batirin 18650 kuwa jabunsa ya cika kasuwa, wanda ka ji ba shi da nauyi a hannu ka ajiye shi.

To ina gizo ke saƙar? Mun iya taron buɗewa. A zo da babban baƙo, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, a raba kayan. Bayan wata uku makulli na aljihun malamin da aka yi wa canjin wurin aiki, caja ta bi wani gida, ba wanda ya san injina nawa aka kawo tun farko. A Manchester kuwa ƙungiyar da ta daɗe za ka tarar tana da littafin kaya: abin da aka saya, abin da ya ƙone, wanda ya ara. Akwatuna na da suna a jiki. Minti goma sha biyar na ƙarshen kowace haɗuwa na tattara kaya ne, ba mai fita. Iyaye na da jerin wanda zai kawo abinci da wanda zai kwashi yara a mota, domin a Disamba kafin huɗu da rabi rana ta faɗi, ga ƙanƙara a hanya. 'Yan ajin ƙarshe su ke koya wa sababbi kafin su tafi. Kuɗin ma ba mutum ɗaya ke bayarwa ba, yaran ke bin shaguna da ƙananan kamfanoni da takarda, a buga sunan wanda ya taimaka a bayan riga. In ɗaya ya janye, abin bai mutu ba. Mu kuwa mun fi son mai kuɗi ɗaya ko ɗan siyasa ɗaya ya ɗauke nauyin duka, ranar da ya faɗi zaɓe kulob ya bi shi. Abin haushin shi ne mun san wannan tsarin. Adashe ba ya tafiya sai da uwar adashe da littafi da rana tsayayya, Islamiyyar dare ma haka, shekara da shekaru ba gwamnati. Ba mu dai ɗauki wasan yara a matsayin abin da ya cancanci irin wannan riƙon ba.

Haka mutanen Manchester suke yi da wuraren kai baƙo. A ginin da FIRST take akwai cibiyar kimiyya ta SEE, inda aka gina kwatancin masaƙun yadda suke wajen 1900 da ƙwayar LEGO kusan miliyan uku, akwai kuma gidan tarihin masaƙun. Gidan zane-zane na Currier, da aka buɗe a 1929, na kai mutane ganin gidaje biyu da Frank Lloyd Wright ya zana. Tafkin Massabesic shi ke shayar da garin, don haka an yarda a yi kamun kifi amma an hana wanka, kuma hanin na aiki. A cikin gari akwai tudun McIntyre da yara ke koyon sulu a kan ƙanƙara. In gaskiya za a faɗa, babu wanda ya kama ƙafar Karofin Ƙofar Mata ko hasumiyar Gobarau ko rijiyar Kusugu a tsufa da labari. Abin da suke da shi allon bayani ne da ake iya karantawa, lokacin buɗewa da rufewa da ba ya ƙarya, banɗaki mai ruwa, da tsofaffin da suka yi ritaya suna zagayawa da baƙi kyauta. Makarantu na kawo yara a bas, yaron ya koma gida ya san abin da ake saƙawa a garinsu kafin a haife shi. Ɗan Kakuri nawa ne aka taɓa shiga da shi cikin KTL aka nuna masa injin da kakansa ya tsaya a kai?

Kada kuma a ɗauka aljanna ce. Jihar ba ta karɓar haraji a kan albashi ko a kan sayayya, nauyin makarantu na kan harajin gidaje ne, shi ya sa mai gida ke zuwa zaman majalisar gari mai kansiloli 14 ya yi magana da zafi, kuma shi ya sa makarantun garuruwan masu hali da ke kewaye suka fi na cikin birni kaya. Ƙwaya ta yi wa garin ɓarna, akwai masu kwana a waje cikin sanyin da ke kisa, kuɗin haya na neman gagarar talaka. Mutum na iya shekara biyar bai san sunan maƙwabcinsa ba, tsoho ya rasu a ɗaki sai bayan kwanaki a ankara. Zumuncinsu sai an rubuta shi a kalanda. Ba mai faɗo maka gida da sallama, ba mai aiko da kwanon tuwo don ya ji an yi haihuwa. Nan kam mun yi musu fintinkau, kuma 'yan gudun hijirar Kwango da Sudan da Butan da aka zaunar a garin sun fi kowa jin wannan raɗaɗin. Su ma masaƙun ba dare ɗaya suka farfaɗo ba, sai a shekarun 1980 Kamen da wasu suka fara sayen gine-ginen suna gyarawa, kusan shekara hamsin bayan rufewa.

Ga 'yan uwa da ke waje masu niyyar aika kwali gida, shawarata a jinkirta sayen kayan. A fara da tambayar wane ɗaki ne, makulli nawa ne kuma a hannun wa, su wane ne manya biyun da za su zo kowace Asabar da Laraba bayan la'asar, wa zai riƙe littafi, ina za a yi caji in ba wuta. In an samu amsa, a aika kayan mota uku kawai, da ƙarin injina huɗu da allon tuƙi biyu, domin su ne ke fara ƙonewa. A sa ranar gasa tun ranar farko, ko da tsakanin makarantu biyu ne na unguwa ɗaya, a gayyaci mai unguwa ya riƙe agogo.