Wa ya sare dajin da ayarin Rhodes ya bi?

Wata tsohuwar magana ta sake dawowa a Facebook, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne matasanmu ne ke yayata ta: wai ko ba komai Turawan mulkin mallaka sun bar wa Afirka hanyoyi. Waƙar Helen Zille ce tun 2017, lokacin tana Firimiyar lardin Western Cape na Afirka ta Kudu, da ta rubuta a Twitter cewa ba sharri zalla mulkin mallaka ya bari ba, har ta lissafa hanyoyin sufuri da ruwan famfo. Ta sha suka, ta ba da haƙuri, amma ga shi wasu sun karɓi amshi.

To, mu ɗauki hanya ɗaya mu bi ta daga tushe. A 1890 kamfanin Baturen Ingila Cecil Rhodes, British South Africa Company, ya tura ayari zuwa ƙasar Mashona, wato yankin ƙabilar Shona a Zimbabwe ta yau: masu neman arziki kusan 200, 'yan sandan kamfani kusan 500, da amalanken shanu sama da 100, maharbin giwa Frederick Selous yana ja-gaba. An yi wa kowane ɗan ayari alkawarin gona eka 3,000 da wuraren haƙar zinare 15. Gonar wa? Takardar da aka yaudari Sarki Lobengula na ƙabilar Ndebele ya sa wa hannu a 1888 maganar ma'adinai kawai ta yi, ba ta ba da ƙasa ba. Su ma sun san ba su da gaskiya, shi ya sa hanyar ta yi kwana ta kauce wa dakarun Ndebele, ana tafe ana dasa sansani: Tuli, Victoria, Charter, har Salisbury a watan Satumba, inda Harare take yau.

Kuma wa ya riƙe gatari? Cikin masu sare itatuwa da gyara mashigar rafi akwai mutanen da Sarki Khama na Ngwato, a Botswana ta yau, ya bayar. Selous ya samu suna, su ko oho. Bayan haka aka ɗora harajin bukka a 1894, ga aikin dole da mutanen wurin ke kira chibaro. Ba a wuce 1896 ba Ndebele da Shona suka ɗauki makami. Can yankin Cape na Afirka ta Kudu ma, mashigan duwatsun da 'yan yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto, Bain's Kloof da Swartberg, fursunoni ne suka fasa su.

Kalmar “daji” ita kanta ƙarya ce. Kusa da sansanin Victoria ganuwar dutse ta Great Zimbabwe take, birnin da ya yi cinikin zinare da gaɓar tekun Sofala, a Mozambik ta yau, ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Rhodes. Fataken da suka kai zinaren nan, ta sama suka bi?

Masu cewa ai shugabannin yau ko ramin titi sun kasa cikewa, su je su tuhumi shugabannin. Lalacin magaji ba ya wanke ɓarawon gado. Hanyar nan ita ta kai ga dokar rabon ƙasa ta 1930, wadda ta ware wa Turawa tsiraru kusan rabin Rodeshiya ta Kudu, wato Zimbabwe ta yau, ta tura masu ƙasa yankuna na keɓe inda titin kirki bai damu ya leƙa ba.

In dai sai an yaba, a gyara allunan bakin hanya da littattafan makaranta, a rubuta cewa mutanen Khama da fursunonin Cape ne suka yi aikin, a kuma rubuta adadin ekar da aka biya wanda ya zo a kan doki.