An ƙara wa malami shekara biyar, ya yi me da su?

Tun daga 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, magana ɗaya nake ji a rediyo da wuraren taro a Kaduna: wai kakar malamin makaranta ta yanke saƙa, tunda doka ta ba shi damar kaiwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki kafin ya yi ritaya. Ana faɗa ana tafi. Ni kuwa duk lokacin da na ji sai raina ya sosu, domin mai wannan tafin ko dai bai san yadda rayuwar aikin malami take tafiya ba, ko ya sani yana yi mana romon baka.

Dokar nan Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a Afrilun 2022, bayan alkawarin da gwamnatinsa ta yi a Ranar Malamai ta 2020. A wannan rana an haɗa da alkawarin tsarin albashi na musamman, da alawus na masu koyarwa a karkara, da gidaje masu sauƙin kuɗi. Shekarun ritaya ne suka zama doka. Sauran kuwa, a je Giwa ko Kauru a tambayi malamin furamare ko ya taɓa ganinsu a saƙon banki na ƙarshen wata.

Ba na ƙin ƙarin shekarun. Wanda ya ga yadda 'yan fansho ke jeka-ka-dawo da fayil a hammata ba zai zargi malami don ya so jinkirta wannan rana ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a kira wannan ci gaba. Mutum yana tsaye a matakala ɗaya shekara da shekaru, sai ka ce masa ya ƙara shekara biyar a tsaye, kana jiran godiya.

Yayata malama ce, shekararta 19 tana koyar da aji biyu. Na taɓa zama a bayan ajinta wata safiya: yara sun haura 80, rabi a benci rabi a tabarma. Ta zazzage murafen kwalba daga wata tsohuwar gwangwanin madara, ta raba wa kowane rukuni goma-goma, da su take koyar da tarawa da ɗebewa. Yaron da ya kasa, ba ta daka masa tsawa, sai ta tura shi wajen wata yarinya da ta riga ta gane. Babu wani taron bita da ya koya mata wannan, shekaru ne da lura. Ta shiga aiki da takardar shaidar malanta ta NCE a matakin albashi na 7. Ta yi digiri a karatun dogon hutu a Zariya da kuɗin adashi, damina bayan damina, tana barin yara wajen innarmu. Da ta kai takardar ofis, sai da ta yi shekaru tana bibiya kafin a shigar mata da ita. Takardar ƙarin girmanta ta ƙarshe tana nan cikin leda a ƙarƙashin katifa, kuɗin bai biyo baya ba. Na ce mata, "Yaya, ai ga shi an ƙara muku shekara biyar." Ta dube ni ta ce, "Kai dai ba ka da dama. Biyar ɗin da wace murya zan yi su?"

A ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikacin da ke tsakanin mataki na 7 da na 14 yana cancantar a duba ƙarin girmansa duk bayan shekara uku. Wannan a rubuce ke nan. Ko da an bi ƙa'idar sau da ƙafa, akwai wata matsala da ba a cika magana a kanta ba, kuma ita ce ta fi damuna: tsanin malami duk inda ya hau, waje yake fitar da shi daga aji. Wanda ya iya koyarwa, ladansa a ba shi hedimasta, ya koma cike rajista da rabon alli da sasanta rigimar iyaye. Wanda ya fi haka sa'a ko uwa a gindin murhu, a ɗauke shi zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Babu wani matsayi da aka ware wa wadda ta ƙware a koya wa ɗan shekara bakwai karatu, ta zauna a ajinta, albashinta da darajarta su kai na mai ofis. Shi ya sa a makarantunmu zama a aji bayan shekara 20 ya zama kamar alamar rashin gata.

Mu a Kaduna mun gwada wata hanya, kowa ya sani. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman furamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, aka sa maki 75 cikin ɗari a matsayin ci, 21,780 suka faɗi, aka sallame su, aka ce za a ɗauki 25,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, ba ta sauya komai ba. Cikin sababbin da aka ɗauka, ba a je ko'ina ba aka sake sallamar sama da 4,000. A Yunin 2022 hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, SUBEB, ta sallami wasu 2,357, har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba, yawancinsu saboda ƙin zama wata jarrabawar. Har yau akwai masu cewa a dawo da wannan, wai shi ne kaɗai yaren da malamai ke ji. Amsata gare su gajeriya ce: auna buhu sau goma ba ya ƙara masa ko tiya ɗaya.

Ba ina cewa duk wanda aka kora ya cancanci riƙe alli ba. An ga takardun amsa a jaridu, wasu abin kunya ne, kuma 'yan siyasar da suka cusa yaransu aikin koyarwa don sakayyar zaɓe su ne ba a taɓa yi wa jarrabawa ba. Amma sallamar sababbin ɗauka ta 2018 ta tona asirin lissafin gaba ɗaya: daga rijiyar da aka ɗebo na farko, daga ita aka ɗebo na biyu. An bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya ci jarrabawar kuma, me ya samu? Damar ci gaba da zama inda yake.

Sai kuma bita, wadda ita ce masu ofis ke nunawa idan an tambaye su me suke yi don ƙwarewar malamai. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, UBEC, kuma cikinsa akwai kaso na horar da malamai. Kuɗin yana nan. Amma duk malami ya san yadda bitar take: kwana uku a zauren taro, shinkafa a roba, jaka mai tambari, kuɗin mota, hoto. Ana nuna musu darasi a majigi su koma ajin da ko ƙofa babu. Babu wanda zai biyo su bayan wata guda ya zauna a bayan aji ya ga ko abin ya shiga. Sau da yawa ma fuskoki ɗaya ne ke zuwa, domin sunan da ke cikin jerin ya danganta da wanda ya rubuta jerin. Satifiket ɗin kuma ba ya matsar da kowa ko taku ɗaya.

Abin takaicin shi ne babu jihar da ta kai mu kayan aiki. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a 1976 don horar da malaman da ke bakin aiki, hedikwatarta tana nan kan hanyar Zariya. Ga Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ga kwalejin ilimi ta Gidan Waya. Kwalejin Barewa ta Zariya kanta tushenta kwalejin horar da malamai ce ta Katsina, wadda ta yaye Sardauna da Tafawa Balewa, duka biyunsu da alli suka fara. Tafawa Balewa yana malami a Midil ta Bauchi aka tura shi Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya. Turawan mulkin mallaka, da duk muguntarsu, sun gane cewa malamin da ya nuna hazaƙa ana kashe masa kuɗi. Mu da muka karɓi mulkin mun bar shi da adashi.

Masu cewa babu kuɗi, su fara faɗa mana nawa aka kashe a zauren taro da jakunkuna.

Gyaran ba wani abin mamaki ba ne. A buɗe matsayin babban malamin aji, mai albashi daidai da na shugaban makaranta, aikinsa koyarwa da renon sababbin malamai a shekarunsu na farko. A sa takardar ƙarin girma ta zo da kuɗinta a wata ɗaya. Wanda ya tafi ƙaro karatu a fannin da yake koyarwa, a ɗauke masa ko rabin kuɗin makaranta. Wanda aka tura Birnin Gwari ko ƙauyukan Chikun, inda bayan sace ɗaliban Kuriga a Maris na 2024 kowa ya san koyarwa sai da sayar da rai, a lissafa masa shekarunsa da nauyin da ya dace. Yadda za a tsara wannan aikin masu ofis ne, don shi ake biyansu.

Makon jiya Yaya ta kira ni tana tambaya ko na san wani da zai sa mata baki a mayar da ita ofis, ko da ɓangaren ajiye fayil ne. Na ce, "Yaya, yaran fa?" Ta yi shiru, sannan ta ce gwangwanin murafen za ta bar wa wadda aka kawo bara, idan ita ma ba ta riga ta tafi ba.