Regileta mai tiyo biyu da na saya, da masu cewa na sayi ajalina

Tun jiya da na ɗora hoton tsohuwar regiletar nutson nan wayata ba ta huta ba. Wani ya ce fitilar mota ce, wani ya ce tukunyar shisha, yayana kuma kirana ya yi takanas ya ce wai me ya yi zafi zan sa kuɗina in sayi ajalina. Toh bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Waɗanda suka san ni sun san tun zuwana Masar na kamu da son nutso, hutu kaɗan zan samu sai Dahab a bakin Bahar Maliya, kuma da kayan zamani na koya kamar kowa. Regileta dai kusan irin ta kan silindar gas ɗin girki ce, iskar da ke cikin tukunyar da ka goya an danna ta sosai, wajen ba 200 (ba, wato bar, ma'aunin matsin iska ne), in ta fito maka haka kai tsaye sai dai wani ba kai ba, aikin regileta ta sassauto ta daidai da nauyin ruwan da ke kanka ta ba ka lokacin da ka ja numfashi kawai. Ta zamani tiyo ɗaya ne siriri ya zo bakinka, kumfa na fita ta gefen kumatu. Wannan tawa kuwa gwangwani ne na tagulla kamar ƙaramin faranti biyu an kife, yana zaune a bayan wuya, da tiyo biyu masu kauri masu zobe-zobe, na dama ya kawo iska na hagu ya fitar da wadda ka busar.

Kuma tiyo na biyun nan ba kwalliya ba ce, kuskure ne ya haife shi. Lokacin yaƙin duniya na biyu fetur ya yi wuya a Faransa, wani injiniya Émile Gagnan na kamfanin Air Liquide ya ƙera regileta don motoci su riƙa tafiya da gas, sai Jacques Cousteau, hafsan sojan ruwa, ya ce ai wannan abin zai yi wa mai nutso. A farkon 1943 suka gwada a kogin Marne kusa da Paris, Cousteau ya shiga ya ga in yana kwance daidai komai lafiya, in ya miƙe tsaye iska na ta zuba ba tsayawa, in ya kifa kai ƙasa kuma iskar ta ƙi zuwa. Dalili shi ne mafitar iskar tana wajen baki ita kuma fatar robar da ke jin nauyin ruwa tana baya, tsayinsu ba ɗaya ba. Sai suka ja wani tiyo ya mayar da iskar da aka busar can baya ta fita dab da fatar, magana ta ƙare. Daga nan Aqua-Lung ya fito, sunan da aka ba wannan na'urar kenan, 1946 aka kafa kamfanin La Spirotechnique suna ƙerawa suna sayarwa, a Amurka kuma kamfanin U.S. Divers. Da irin kayan nan mutanen Cousteau suka yi wata guda cur a wani gida da suka kafa a ƙarƙashin teku, zurfin mita 10, a Sha'ab Rumi arewa da Port Sudan a 1963. 'Yan uwanmu na Sudan, a ƙofar gidanku aka yi wannan fa, kuma har yau akwai ragowar ginin a ƙasan ruwa, Allah Ya kawo zaman lafiya mu je mu gani da ido.

Tawa DA Aqua-Master ce, samfurin da ya fara fitowa 1958, kaga kenan ta girmi babana ma ƙila. A intanet na same ta wajen wani dattijo da ke kwashe kayan garejinsa. Da ta iso wlh kamar jiya aka ƙera, tana ta sheƙi, har na fara cewa a raina da tsohuwar zuma ake magani. Da muka buɗe cikin ni da mai gyaran da nake kai wa kayana sai jikina ya yi sanyi. Ƙarfen kam lafiya lau, amma fatar robar ta bushe ta yi tauri kamar ganda, tiyon in ka ja shi sai ka ga tsaga-tsaga a tsakanin zoben, bawul ɗin fitar da iska wanda ake ce wa bakin agwagwa kuwa ya narke ya manne a jikin gwangwanin kamar tsohon cingam, sai da muka kankare shi. Kuma abin tsoron, da aka ɗaura ta a tukunya kafin a buɗe tana ba da iska fa! Wanda bai sani ba zai ja numfashi biyu a tsakar gida ya ce ai tana aiki.

Nan ne nake rabuwa da ɓangarorin biyu. Masu cewa tsohon kaya ajali ne ban yarda da su ba, don ban taɓa ganin na'ura mai sauƙin fahimta kamar wannan ba, ka buɗe ta ka ga komai da idonka, liba ce da sifirin da fata, kamar injin 504 ɗin Kaduna da bakanike zai kwance a gindin bishiya ya mayar kafin la'asar. Kuma yanzu akwai masu ƙera sababbin fata da tiyo da bawul na silikon musamman don waɗannan tsofaffin, sun fi na asali laushi ma. Amma masu cewa kayan da sun fi na yanzu ƙarko don haka a saya a faɗa ruwa, su ma ban yarda da su ba ko kaɗan. Ƙarkon na tagulla ne, roba ba ta da wannan alƙawarin, duk abin da yake roba a ciki sai an canza shi ko da ya yi kyau a ido. Sai da na kashe fiye da kuɗin sayenta a kan kayan gyara da kuɗin aike, wanda ke tunanin zai bi ta nan ne don ya sami kayan nutso a araha gara ya haƙura tun yanzu.

Ranar gwaji a kwamin iyo muka fara, inda in na miƙe kaina na waje. Abin da ya fara ba ni mamaki shiru ne. Kumfa duk tana tashi ta bayan kai, ba ta wuce maka ta ido ba ta yi maka ƙara a kunne, daga baya da na shiga teku da ita a wuri mara zurfi kifaye har kusa da gilashin fuskata suke zuwa, shi yasa wasu masu ɗaukar hoto a ruwa har gobe suke sonta. Amma tana da hali kamar tsohuwar Vespa. Dole gwangwanin ya zauna ƙasa tsakanin kafaɗu ya manne da bayanka, in ka ɗaure tukunyar sama yadda muka saba da ta zamani za ka ji kamar kana zuƙar kunu mai kauri ta tsinke. Ka juya rigingine iska ta cika maka kumatu, ka kifa kai ƙasa ta yi nauyi, wato ciwon 1943 ɗin nan bai gama warkewa ba, rage shi aka yi. In ruwa ya shiga bakin kuma babu maɓallin da za ka danna ya fita kamar ta zamani, sai ka karkata ta hagu ka busa, ko ka ɗaga bakin sama da gwangwanin iska ta zubo da kanta. Na sha ruwan kwamin nan ba adadi kafin hannuna ya faɗa.

Sai abubuwan da babu. Babu gejin da zai nuna maka sauran iska, mutanen da wani bawul suke amfani da shi mai ɓoye kusan ba 20, in numfashi ya fara nauyi sai ka ja wata 'yar waya a gefe ka kama hanyar sama, in kuwa wayar ta riga ta jawu ba ka sani ba shikenan. Babu baki na biyu da za ka miƙa wa abokin nutsonka in tasa ta ƙare, babu wajen haɗa rigar iska da ke daidaita nauyi, su da dalma da huhunsu kawai suke daidaitawa. Shi yasa tunda Ted Eldred ya fito da mai tiyo ɗaya a Ostareliya a farkon shekarun 1950 kasuwa ta fara juyawa, zuwa farkon shekarun 1970 U.S. Divers ma suka daina yin mai biyu. Ni dai ban da jarumtar mutanen da, na sa wani ɗan ƙarfe da ake maƙalawa tsakanin regileta da tukunya na haɗa geji, masu tsattsauran ra'ayin gargajiya su yi haƙuri. Haka batun tukunya, waɗannan an yi su ne don tsofaffin tukwanen ƙarfe masu ɗaukar wajen ba 155, ba a kama a ɗaura su a ta zamani cike maƙil ba tare da an duba mariƙin zai iya ba, tsohuwar tukunya kuma sai an leƙa cikinta an yi mata gwajin matsi kafin wani mai hankali ya yarda ya cika maka.

Akwai wani bawan Allah da ya yi min magana ta inbos, ya ce shi ɗan ruwa ne gaba da baya, tun yana yaro yake nutso a kogi wajen Yawuri, in taimaka masa ya sayi irin wannan ya koya da kansa. Malam na girmama gwanintarka, na tabbata ka fi ni iyo nesa ba kusa ba, amma gwanintar taka ita ce abin da nake ji maka tsoro. Kai ka saba riƙe numfashi, nan kuwa riƙe numfashi shi ne abin da ke kisa. Iskar da ka shaƙa daga tukunya a zurfin mita 10 in ka taso da ita a ƙirji ba ka busar ba tana ninka girmanta biyu kafin ka kai sama, kuma huhu na iya fashewa ko a ruwan da bai kai haka zurfi ba, ba ruwansa da regiletarka ta 1958 ce ko ta bana. Ka nemi malamin nutso mai takardar shaida ka yi kwas da kayan zamani tukuna, ka tara nutso masu yawa har ka iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba ka sama ba ka ƙasa, sannan in har yanzu zuciyarka na kan mai tiyo biyu ka zo mu yi maganar wadda za ka nema, Aqua-Master ɗin ta fi sauƙin samun kayan gyara.

Yaya kuma na ji saƙonka, don Allah kar ka nuna wa Hajiya hoton. Juma'a mai zuwa in Allah Ya kai mu zan sake shiga kwami da ita, akwai wani ɗan yoyo da nake ji ta tiyon hagu tun ranar nan, ina zargin maɗaurin ne bai kama da kyau ba.