Kilo nawa, takarda nawa: lissafin da majalisar Kenya ya kamata ta nema

Manomin shayi a Kisii da malamin da ke duba takardun KCSE, jarrabawar kammala sakandare ta Kenya, a Kiambu, jinga suke yi su duka. Ɗaya ana biyansa kan kowane kilo na ɗanyen ganye, ɗaya kan kowace takarda da ya yi wa maki. Ba su ke yanke farashi ba, kuma sai kowa ya ɗebi rabonsa kafin a zo kansu. Shi ya sa idan 'yan majalisar Kenya suka tashi magana a kansu, lissafi nake son ji daga bakinsu. Tausayi kam an sha furtawa.

A fara da shayi, don can ne kuɗin ke bin doguwar hanya. Ƙananan manoma sama da 600,000 ne ke kai ganye masana'antun da kamfanin KTDA ke gudanarwa, kuma su manoman ne ke da hannun jari a masana'antun. Ana tsinko ganye biyu da toho ɗaya, a kai rumfar awo, a ɗora kan sikeli. Sai an haɗa kilo 4 zuwa 4.5 na ɗanye kafin a samu kilo ɗaya na busasshen shayi. Mafi yawansa a gwanjon Mombasa ake sayarwa, da dala. Manomi na karɓar wani abu duk wata, ragowar kuma sai an rufe shekarar kuɗi a ƙarshen Yuni, a cire kuɗin wuta, itacen busar da ganye, sufuri, la'adar dillali, ladan gudanarwa da bashin banki. Abin da ya saura shi ne bonas.

A ɗauka an sayar da kilo kan dala 2. Lokacin da dala ta kai wajen shilin 160 a farkon 2024, shilin 320 ke nan, wato kusan 71 kan kilon ɗanye. Da ta sauko 129, sai ya koma 258, kusan 57 kan kilo, tun ba a cire ko sisi na ɗawainiya ba. Ga kuma Sudan, wadda ke cikin manyan masu saye, ta hana shigo da kayan Kenya a Maris 2025. Waɗannan dalilai ne na gaskiya, amma kowace masana'anta suka taɓa, gabas da yamma. Ba su isa su bayyana yadda a bonas ɗin 2025 wasu masana'antun yankin Dutsen Kenya suka biya sama da shilin 50 kan kilo, wasu a Kisii da Nyamira da ke yamma kuma ko 15 ba su kai ba.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce ingancin ganye. Akwai gaskiya a ciki: ganyen da aka tsinko da kara, ko wanda ya yini a rumfa yana jiran mota har ya fara zafi cikin buhu, ba zai yi daraja a gwanjo ba. To amma ya kamata kwamitin noma na majalisa ya nemi takardu, masana'anta bayan masana'anta. Nawa ake kashewa wajen sarrafa kilo ɗaya? Bashi nawa aka ci don a biya bonas ɗin bara, kuma a kan ruwa nawa? Zama nawa daraktoci suka yi, alawus nawa suka ɗauka? Yaushe aka duba sikelin rumfunan awo? Rabin kilo da sikeli ke cinyewa a kowane buhu, idan aka tara na shekara, kuɗin makarantar yaro ne. Sai kuma shayin da ya taru a sito bayan an kafa mafi ƙarancin farashi na dala 2.43 kan kilo a 2021, masu saye suka riƙa tsallake na yamma, har aka janye tsarin a 2024. Wa ya biya kuɗin ajiyarsa?

Doka ma akwai ta. Dokar shayi ta 2020 ta ce ladan gudanarwa kada ya wuce kashi 1.5 cikin ɗari, la'adar dillali kashi 0.75, kuɗin gwanjo ya isa masana'anta cikin kwana 14. An kai wasu sassanta kotu, aka daɗe ana ja-in-ja. Majalisar da ta rubuta ta ita ce ya kamata ta faɗa wa manomi wane sashe ne ke aiki yau.

Na malamai bai kai wannan sarƙaƙiya ba, shi ya sa ya fi ba ni takaici. Matsalarsu ita ce jinkirin biyan ladansu, alhali hukumar shirya jarrabawa ta KNEC ta san adadin ɗalibai watanni kafin jarrabawa. A 2024 sun haura 960,000. Adadin takardu sananne ne, ladan kowace takarda sananne ne, to bashin daga ina? Ana tara malaman a makarantun kwana, su kwana a ɗakunan ɗalibai, su fara gwaji da wasu takardu har hannunsu ya daidaita da tsarin maki, sannan a shiga aikin daga safe har dare, shugaban rukuni na sake duba wasu. A Janairu 2023 masu duba darasin addinin Kirista a makarantar St Francis da ke Mang'u suka ajiye biro, suna neman a ɗaga ladan takarda daga shilin 55 zuwa 78. Duk wanda ya taɓa makin WAEC ko NECO ya san illar biyan kan takarda idan ladan ya yi kaɗan: hannu na sauri, ido na gajiya, kuskuren kuma a sakamakon yaro yake fitowa.

A nan majalisa ba 'yar kallo ba ce. Gwamnati ce ke biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa, don haka KNEC baitulmali take jira, kasafin kuma majalisa ce ke amincewa da shi. Sashe na 125 na kundin tsarin mulkin 2010 ya ba kwamitocinta ikon kiran kowa ya ba da shaida ko ya kawo takardu, daidai da ikon babbar kotu. Su ware kuɗin masu maki a layinsa daban cikin kasafi, su sa a rubuta ranar biya a takardar ɗaukar kowane malami, sannan su kira ministan kuɗi tare da na ilimi rana ɗaya, don kada ɗaya ya jingina laifin ga wanda ba ya zauren.