Ba a ƙofar asibitin Turawa Bessie Smith ta rasu ba

Labarin nan ya sake dawowa shafukan sada zumunta, har masu ilimin cikinmu na tura shi: wai Bessie Smith, sarauniyar waƙar blues ta Amurka, ta yi haɗarin mota, aka kai ta asibitin Turawa suka ƙi karɓarta, jini ya ƙare mata a bakin ƙofa. Wanda ya karanta sai ya yi Allah wadai, ya tura gaba, ya ji ya sauke nauyi. Ni kam abin ya ishe ni, don ba haka aka yi ba.

Kafin asubahin 26 ga Satumba 1937, motar da Richard Morgan ke tuƙa ta a ciki ta daki wata babbar mota a hanya mai lamba 61, kusa da Clarksdale a jihar Mississippi. Wanda ya fara tsayawa a kanta likita ne Bature, Hugh Smith, daga Memphis. Motar asibiti ta kai ta asibitin baƙar fata na G.T. Thomas, aka yanke mata hannun dama, ta cika da safe tana da shekara 43. A Mississippi ta lokacin babu direban da zai ko gwada kai baƙar fata asibitin Turawa, wariya ta riga ta raba wa kowa ƙofarsa.

John Hammond, mai shirya faifai, shi ya baza jita-jitar a mujallar Down Beat a 1937, daga baya ya amsa cewa ji kawai ya yi. Edward Albee ya ɗora wasan kwaikwayo a kanta a 1959, sai ta zauna daram. Tun 1972 Chris Albertson ya warware zancen a littafinsa na tarihinta. Masu cewa ai ko ƙarya ce ta nuna halin zamanin, ba su san irin makamin da suke miƙa wa masu musun wariyar ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaluncin da tatsuniyar ke lulluɓewa. Bessie marainiya ce da ta fara waƙa a titunan Chattanooga, yayanta Andrew na kaɗa mata jita. A 1912 ta shiga ayarin 'yan wasa inda mawaƙiyar blues Ma Rainey take, ta goge a rumfunan da babu lasifika, shi ya sa muryarta ke cika fili. Faifanta na farko da kamfanin Columbia a 1923, Down Hearted Blues, an sayar da dubban ɗaruruwa, a daidai lokacin da kamfanin ke tangal-tangal. Nawa aka ba ta? Dala 125 kan kowace waƙa, an gama. Ta yi wa kamfanin waƙoƙi kusan 160, har da waɗanda Louis Armstrong ya busa mata ƙaho a 1925, ba ta da kaso a cinikin ko ɗaya. Da kasuwa ta faɗi suka sallame ta a 1931. Naɗinta na ƙarshe a 1933, wanda Hammond ɗin nan ya shirya, dala 37 da rabi aka biya ta kan kowace waƙa.

Matar da Billie Holiday da Mahalia Jackson suka koyi waƙa daga faifanta ta yi shekara 33 a maƙabartar Mount Lawn, kusa da Philadelphia, kabarinta ba ko dutsen shaida, sai a 1970 mawaƙiya Janis Joplin da wata mata, Juanita Green, suka biya kuɗinsa. A shekarar Columbia ta sake fitar da waƙoƙinta. Magadanta suka kai kamfanin ƙara, kotu ta kori ƙarar a 1979. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san dalilin da tatsuniyar ta fi farin jini. Asibitin da ba shi da suna ba wanda zai bi bashi, kwangila kuwa tana da sa hannu, kamfanin ma yana nan, a hannun Sony tun 1988. Masu juyayin Bessie su ajiye labarin ƙofar asibiti, su matsa wa Sony ya fito da lissafin abin da waƙoƙin nan suka kawo tun 1923, da abin da ya isa hannun iyalinta.