Tafin da na ji a ƙofar kotun Avignon

Aiki ne ya kai ni birnin Avignon na ƙasar Faransa a kakar 2024. Na bi ta gaban kotu, sai na tarar da mata jingim, 'yan jami'a da tsofaffi masu dogara sanda, wasu riƙe da furanni, kowa a duƙunƙune cikin rigar sanyi. Wata dattijuwa mai gajeren gashi ta fito, wuri ya kaure da tafi. Na tambayi ta kusa da ni ko minista ce. Ta ce Gisèle Pelicot ce.

Kusan shekara 10 mijinta yana zuba mata maganin barci, yana gayyato maza ta intanet su yi mata fyaɗe, yawanci a gidansu na ƙauyen Mazan, yana ɗaukar bidiyo. Doka ta ba ta damar a yi shari'ar a asirce, ta ƙi. Ta ce kunyar ta koma kan masu ita. A Disamba aka sami maza 51 da laifi, mijin ya sha ɗaurin shekara 20.

Ina tsaye a wurin, 'yar maƙwabtanmu mai tallar gyaɗa ce ta faɗo mini a rai. Shekararta 13 wani mai shago ya yi mata fyaɗe, mutane sai cewa suke: "Me ya kai ta shagonsa da magariba?" Dattawa suka zauna a zaure, aka ce a rufa asiri saboda aurenta. Ita aka tura ƙauye, shi kuwa washegari ya buɗe shago. Ko bakinmu ma ya gama yanke hukunci: "an lalata ta" muke cewa, kamar miya ce ta kwana.

Ba cewa nake Faransawa waliyyai ne ba. Akwai lauyoyin da suka nemi nuna cewa da yardarta aka yi, magajin garin Mazan ma ya ce ai ba wanda ya mutu, daga baya ya nemi afuwa. Kaduna kuma tun 2020 take da dokar dandaƙe mai fyaɗe, amma wane uba ne zai kai ƙara ya jure kallon unguwa?

Da abokiyar aikina ta ce "a wajenku ai sai abin da ya fi haka," na taso mata har muryata na rawa. Da dare na kira Inna, na tambaye ta ina yarinyar nan take yanzu. Ta yi shiru, ta ce, "Ke, wace yarinya? Kin ci abinci kuwa?"